Kunnen hagu na Malam: ƙarin ya fita, jin bai dawo ba

Malamin Islamiyya ne a wata unguwa da ke kusa da titin Bauchi a Jos. Yana da shekara 47 lokacin da aka fara turo shi ɗakin gwajin ji inda nake aiki. Da yardarsa nake wannan rubutu, bisa sharaɗin kada in kama sunansa, saboda haka Malam kawai zan ce, yadda kowa ke kiransa har maiɗakinsa.

Kunne ne jarinsa. Yaran ajinsa sun haura 40, kowa na zuba nasa karatu da iya ƙarfin muryarsa, shi kuwa yana zaune a gaba yana duba wani littafin daban. Amma da zarar yaro can ƙuryar aji ya mayar da sadun ta koma sinun, sai ka ji ya kira sunansa bai ko ɗaga kai ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin allo ya san irin wannan kunne.

A waya abin ya fara. In ya kara ta a kunnen hagu yana jin muryar mai magana, amma kalmomin a cakuɗe suke, "kamar rediyon da bai kama tasha sosai ba," in ji shi. Sai ya mayar da wayar dama, ya ci gaba da harkokinsa. Bayan 'yan watanni wata ƙara ta tare a kunnen, siririya kamar kukan gyare, ba dare ba rana. Lokacin hunturu ne, kuma a Jos duk abin da ya sami mutum a hunturu sanyi ne. Mai kemis ya ba shi maganin ɗigawa. An wanke kunnen sau biyu. An ɗiga man zaitun, an ɗiga na habbatus sauda, an yi tofi. Haka aka kwashe sama da shekara 3.

Ban ga laifinsa ba. Mu a wurinmu ciwon kunne shi ne wanda ke zugi ko yake zubar da ruwa. Wannan kuwa ba zafi, ba mugunya, ɗaya kunnen kuma yana aiki ƙalau. Abin da ya kawo shi asibiti ma ba jin ba ne. Ya fara tangaɗi in zai tafi sallar Asuba cikin duhu, sannan wata rana yana alwala ya lura ruwan da ya shafa a kuncin hagu bai ji sanyinsa sosai ba, kamar akwai ƙyalle tsakanin hannunsa da fatar.

Gwajin farko

Na leƙa kunnen da fitila: babu datti, babu ruwa, dodon kunne lafiya lau. Na shigar da shi ɗan ɗakin nan mai kaurin bango, na ɗora masa abin sauraro, na ce duk sanda ya ji ƙara komai ƙanƙantarta ya danna madanni. Kunnen dama ya kama sauti tun daga desibel 15 a ma'aunin ƙarfin sauti, wato daidai yake. Na hagu sai da aka kai desibel 48 a matsakaici, kuma raunin ya fi tsanani a siraran sautuka, inda s da f da sh suke.

Gwaji na biyu shi ya fi faɗin gaskiya a irin wannan ciwo. Na karanta masa kalmomi 25 ɗaya bayan ɗaya, yana maimaitawa. Dama ya cinye duka. Hagu 13 kacal ya samu, alhali na ƙara sautin yadda ya isa ya ji. Na ce sata, ya ce fata. Na ce shuka, ya ce duka. Ya yi murmushi ya ce, "Likita, ka ga irin kunyar da nake sha a waya." Ni ba likita ba ne, ma'aikacin gwajin ji ne, amma na daɗe da daina gyara wa mutane wannan.

Kunnen da datti ya toshe, ko ruwa ya kwanta bayan dodonsa, in ka ɗaga murya zai gane magana tsaf. Wanda ke jin ƙara amma kalmomi na ruɗe masa, a ɓari guda, ga kuma kuka a kunnen, jijiya ake zargi. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya tura shi hoton MRI, wanda ake haɗawa da allurar da ke haska ƙari. Hoton ya nuna dunƙule mai faɗin santimita 2.8 a gindin ƙoƙon kai ta hagu, ya cika ramin jijiyar kunne, ya fito ya fara danne tushen ƙwaƙwalwa.

Likitoci na kiransa akustik niroma, ko shiwanoma ta jijiyar daidaito. Ba kansa ba ne, ba ya yaɗuwa zuwa wani sashe na jiki. Matsalarsa wurin da ya zaɓa. Tsakanin can cikin kunne da ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan rami a cikin ƙashi, tsawonsa bai wuce santimita 1 ba. Ta nan jijiyar ji take bi, da jijiyoyi biyu masu riƙe daidaiton jiki, da jijiyar da ke motsa fuska, da wata hanyar jini siririya kamar silin gashi wadda ita kaɗai ke ciyar da katantanwar kunne, sashen can ciki mai karɓar sauti. Ƙarin na tsirowa ne daga rigar da ta lulluɓe jijiyar daidaito, yana girma a hankali, sau da yawa milimita 1 zuwa 2 a shekara, wasu ma su tsaya cak. Yana girma yana matse maƙwabta. In ya ƙara fita sai ya taɓo jijiyar da ke kai saƙon taɓi daga fuska, abin da Malam ya ji a alwala ke nan. Ba ciwo ne mai yawa ba, mutum 1 zuwa 2 cikin 100,000 yake samu a shekara, amma cikin ire-iren ƙarin da ke fitowa a wannan lungu kusan 8 cikin 10 shi ne.

Tambayar ƙaninsa

Ranar da aka zauna da iyali, ƙaninsa, ɗan kasuwa a Taminus wanda shi ke ɗauke da yawancin ɗawainiyar, ya yi tambayar da kowa ke yi.

"Likita, in an cire abin, kunnen Yaya zai buɗe ko?"

Tambaya ce ta mai hankali. Abu ya danne jijiya, an ɗauke shi, me zai hana ta koma aiki? Ya ma kawo misalin wata mata da aka cire wa ƙari a kusan wannan wuri jinta ya gyaru. Hakan na faruwa, amma galibi a wani ƙari daban, maninjiyoma, wanda ke tsirowa daga mayafin ƙwaƙwalwa, ya jingina da jijiyar daga waje. Irin na Malam daga cikin damin jijiyoyin yake fitowa, yana shimfiɗe jijiyar ji a jikinsa har ta koma kamar fatar albasa. A nan tiyata ba ta dawo da jin da ya tafi. Iyakar abin da ake fata shi ne ta bar wanda ya rage.

To, nawa ya rage? Akwai ma'aunin da wasu likitoci biyu, Gardner da Robertson, suka fitar a 1988 wanda har yau ake aiki da shi: ana kiran ji mai amfani in kunne na kama sauti a desibel 50 ko ƙasa da haka, kuma yana gane aƙalla rabin kalmomi. Malam na da 48, da kashi 52 cikin 100. A bakin gaɓa yake. Da ya makara da wata shida, mai yiwuwa ba a ma tayar da zancen tsare jin ba.

Hanya uku ake bi da irin wannan ƙari. Ana iya ƙyale shi a riƙa ɗaukar hoto lokaci lokaci, in ƙarami ne ko mai shi ya manyanta. Ana iya ƙona shi da haske ba tare da yanka ba, da na'ura irin Gamma Knife wadda Lars Leksell na Suwidin ya fara gwadawa a kan wannan ƙari a 1969. Wannan tsayar da girma take yi, ba ta ɗauke dunƙulen, saboda haka ba ta dace da wanda ya riga ya danne tushen ƙwaƙwalwa ba. Na Malam ya wuce waɗannan biyun. Saura wuƙa.

Ita ma wuƙar ƙofa uku gare ta, kuma zaɓen ƙofar ne ke fara yanke wa ji hukunci. Akwai wadda ake shiga ta ƙashin bayan kunne a ratsa ta cikin kunnen kansa, hanyar da William House ya yaɗa a birnin Los Anjalis na Amurka a shekarun 1960. Tana ba likita damar ganin jijiyar fuska da wuri ya kiyaye ta, amma duk wanda aka bi masa ta nan ya yi sallama da jin wannan kunne, ba makawa. Akwai ta saman kunne, wadda aka fi yi wa ƙananan ƙari da ba su fito daga ramin ba. Sai ta bayan kunne wajen ƙeya, wadda ke ɗaukar ƙari kowane girma, kuma ba ta rufe ƙofar tsare ji. Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da aka tura su wurinsa a Abuja ta ukun ya zaɓa. Ya gaya musu jerin abin da ya sa a gaba: rai tukuna, sai fuska, sai fitar da ƙarin, ji ne na ƙarshe. Ya kuma ce a wannan girma damar tsira da ji kaɗan ce.

Gaskiya ya faɗa. A manyan cibiyoyin da suka ƙware, ƙarin da bai wuce santimita 1.5 ba, a kunnen da ke ji sosai, ana tsira da ji mai amfani a wajen rabin mutane ko sama da haka. In ya haura santimita 2 damar na raguwa da sauri, in ya doshi 3 kuwa sai dai a ce an taki sa'a.

Bayan aiki

An kwashe kusan awa 9 ana aikin. Rahoton likitan ya ce an fitar da ƙarin, ban da wani ɗan siririn ɓawo da ya manne wa jijiyar fuska, wanda aka bari da gangan don kada a tsinka ta. Jijiyar ji kuma an gan ta, an bar ta a haɗe.

Kwanakin farko jiri da amai ne, abin da aka sani, tunda an taɓa jijiyar daidaito. Ɓarin fuskar hagu ya saki. A ma'aunin raunin fuska na House da Brackmann, mai hawa 6, an sa shi a hawa na 3: ido na rufuwa sai da ƙoƙari, baki ya ɗan karkace. Ana ɗiga masa ruwan magani a ido, da dare a manne fatar idon da filasta don kada ya bushe. In ya kurɓi shayi sai ya zubo ta gefe. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba'un da mimun, haruffan da sai leɓɓa sun haɗu, ba sa fita daidai. Wata uku bai ja sallah ba. Wannan kam ya warware, zuwa wata na shida sai wanda ya san shi da can ne zai lura.

Mako shida da aiki ya dawo ɗakina. Na sa masa abin sauraro, na fara aika sauti kunnen hagu ina ƙarawa. A wajen desibel 60 ya danna madanni. Ya ɗago ya dube ni ta gilashi, fuskarsa ta washe iya yadda za ta iya.

"Likita, na ji! Wallahi na ji."

Na san abin da ke faruwa, kuma babu lokacin da na fi ƙin aikin nan kamar irin wannan. In sauti ya yi ƙarfi yakan bi ta ƙashin kai ya tsallaka ɗaya kunnen. Dama ce ke ji, ba hagu ba. Don a tabbatar, sai a cika kunnen mai lafiya da wata ƙara kamar ta zubar ruwan sama, a shagaltar da shi, sannan a sake gwada mara lafiyar. Na yi haka. Na kai 80, na kai 100, na kai ƙarshen abin da na'urar ke iya fitarwa. Babban yatsansa na kan madannin, bai motsa ba.

Da ya fito na zaunar da shi na yi masa bayani. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ba an ce jijiyar tana nan ba?"

Tana nan. Amma jijiya a haɗe ba ita ce jijiya mai aiki ba. Wadda ƙari ya shekara yana miƙewa, ɗan ja kaɗan wajen ɓanɓare shi ya isa ya kashe zaruruwan cikinta alhali ido na ganinta lafiya. Ga kuma hanyar jinin nan mai kamar silin gashi. In ta toshe ko ta tsuke na ɗan lokaci, ƙwayoyin da ke cikin katantanwar kunne, masu juya sauti ya zama saƙo, sukan mutu, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Kukan gyaren ma bai tafi ba. Mutane na mamakin yadda kunnen da ba ya ji yake kuka, amma ƙarar ba daga waje take ba, ƙwaƙwalwa ce ke ƙirƙirarta in saƙon da ta saba samu ya yanke. Ko an datse jijiyar gaba ɗaya, da yawa na ci gaba da jinta.

Ƙanin bai ɓoye ɓacin ransa ba. Sun sayar da fili, sun yi ta sintiri tsakanin Jos da Abuja ta Hawan Kibo, ga shi kunne ya mutu gaba ɗaya, baki ya karkace. A takardar likita kuwa an rubuta aiki ya yi nasara. Kowannensu na da gaskiya. Mutum ya shiga da ƙari yana danne wurin da ke riƙe numfashi, ya fito da ƙafarsa, da hankalinsa, da fuskar da ta dawo. Sai dai ni ina ganin akwai inda muka gaza, har da ni. Mun ce "za a yi ƙoƙarin tsare jin," su kuma suka ji "za a gyara kunnen." Kamata ya yi a ce musu ƙarara: ku ɗauka wannan kunne ya tafi, in wani abu ya tsira to kyauta ce daga Allah. Yanzu haka nake faɗa, kuma nakan sa mutum ya maimaita mini abin da ya fahimta kafin ya tashi.

Zama da kunne ɗaya

Ana cewa ai ɗayan na ji, me ya rage? Abubuwa da yawa. Ƙwaƙwalwa na gane inda sauti ya fito ne ta hanyar kwatanta kunnuwan biyu: wanne ya riga ji, da tazarar da ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, wanne kuma ya fi ji da ƙarfi. In ɗaya ya mutu babu abin kwatantawa. Malam na tsallaka titi a Taminus, mai Keke ya danna hon ta hagu, shi ya waiga dama. Kai kansa kuma katanga ne, yana tare siraran sautuka, don haka mai magana ta ɓarin hagu muryarsa kan iso a dushe. Wani maƙwabcinsa ya kai ƙorafi wurin ƙanin cewa tunda Malam ya dawo daga Abuja ba ya amsa sallama.

A aji ne abin ya fi fitowa. Kunne biyu ne ke ba mutum ikon tsamo murya ɗaya daga cikin hayaniya. Ya ce mini, "Kuskuren ina jin sa, amma ban san bakin da ya fito ba. Sai in ɗaga kai in ga yara 40 duk suna kallona." Kafin La'asar ya gaji liƙis kamar wanda ya yi noma, saboda sauraron da a da yake zuwa a banza yanzu sai ya yi masa aiki.

Ƙanin ya sayo masa na'urar ƙara ji a kasuwa. Ba ta yi komai ba, kuma ba za ta yi ba, ƙara sauti take yi wa kunnen da ke da sauran ji. Abin da ke akwai don irin Malam daban ne. Akwai na'urar CROS, wadda ake maƙala makirufo a mataccen kunne ya aika sautin zuwa mai lafiya. Akwai wadda ake dasawa a ƙashin bayan kunne, ita ma tsallakar da sautin take yi. Duka biyun suna maganin katangar kai, amma ba sa dawo da sanin inda sauti ya fito, tunda har yanzu kunne ɗaya ke ji. Na'urar da ake dasawa cikin katantanwar kunne ce kaɗai ke mayar da sauti cikin kunnen da ya mutu, ita kuma sai jijiyar na iya ɗaukar saƙo, ga tsada ta miliyoyi. Akwai ma wanda ake dasawa a tushen ƙwaƙwalwa, da aka fara a 1979, amma wannan galibi don masu ciwon gado ne na NF2, waɗanda ƙarin ke fito musu a kunne biyu.

Malam ya gwada CROS na mako biyu. A mota ta yi masa rana, da kuma wurin zaman ɗaurin aure in na hagunsa ya yi magana. A aji kuwa ta kwaso hayaniyar ɓarin hagu ta juye masa a kunnen da yake taƙama da shi. Ya dawo da ita.

In aka tambaye ni inda aka rasa kunnen nan, ba zan nuna ɗakin tiyata ba. Zan nuna ranar da ya mayar da waya daga hagu zuwa dama. A lokacin ƙarin ƙarami ne, jin da sauransa, hanyoyin uku duk a buɗe. Ba wai tabbas ba ne, domin ko an ƙyale ƙarin, ko an ƙona shi, ko an cire an tsira da ji, jin kan ci gaba da raguwa cikin shekaru a wurin mutane da dama. Amma akwai bambanci tsakanin shiga caca da rabin dama da shiga da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Gwajin da zai tona asirin bai kai minti 30 ba, ana yin sa a manyan asibitocin koyarwa da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Yawancin masu raunin ji a ɓari ɗaya ba su da ƙari. Sai dai hoto ne ke raba gardama, ba maganin ɗigawa ba.

Zuwansa na baya bayan nan, shekara ɗaya da aiki, hoton MRI ya nuna ɓawon da aka bari bai motsa ba, za a sake dubawa baɗi. Kunnen dama na nan a 15, kalmomi 25 cikin 25. Na sake ja masa kunne a kan abin da zai kiyaye: kada ya yarda a yi masa allurar jentamaisin, wadda kan iya lalata ji, a kemis ba tare da likita ya san kunne ɗaya gare shi ba, kada ya zauna gindin lasifika a wurin wa'azi ko kusa da janareta, kada tsinke ya shiga kunnen, kuma duk ranar da ya tashi ya ji daman ta dushe, a ranar zai zo, ba washegari ba.

Ya sauya tsarin ajinsa. Ya mayar da kujerarsa kusurwa, kunnen hagu na fuskantar bango. Ya raba yaran gida huɗu, manyan ɗalibai na sauraron ƙanana, masu ba da hadda kuma suna zuwa ɗaya bayan ɗaya su durƙusa ta damansa. A masallaci yakan nemi ƙarshen sahu ta hagu. Maƙwabcin nan mai ƙorafi yanzu in zai yi sallama sai ya zagayo.

Yana sa hularsa zai fita na tambaye shi labarin gyaren. Ya ce, "Yana nan, Likita. In yara na karatu ba na jin sa. Sai dare ya yi muke hira."